Agogon Baffa Fuxiang

Allah Ya raba mu da zuciyar da ta mutu alhali mai ita yana yawo.

Da azahar aka sanar da Sufeto Hai Zhenglin cewa an tsinci gawar dattijo Na Fuxiang a ɗakinsa, a tsohuwar unguwar birnin Urumqi na ƙasar Sin. An rotsa masa kai, an kuma ɗauke Alƙur'ani rubutun hannu da ya gada daga kakansa. Agogon hannunsa ya fashe, ya tsaya a ƙarfe goma.

Maƙwabta suka ce ɗan ƙanensa, Weidong, ya daɗe yana matsa masa ya sayar wa dillalan kayan tarihi littafin. Washegari Weidong ya dawo daga birnin Xi'an, inda ya tafi ranar da abin ya faru, Sufeto ya sa aka kawo shi. Ya shigo yana sakace, ya ajiye tikitinsa na jirgin sama a kan tebur.

"Yallaɓai, ka san Baffa. Da lokacin gari yake aiki saboda salla, bai san lokacin Beijing ba. Gomansa sha biyu ce a agogon gwamnati. Jirgina kuwa sha biyu saura minti ashirin ya tashi. Ko daga cikin gajimare na jefo masa dutse?"

Ya yi dariya. Sufeto ya ji kamar ya tofar da yawu, amma lissafin ya zauna daram. Lokacin Beijing, wanda gwamnati da jirage ke bi, ya riga lokacin gari da awa biyu, kuma zuwa Xi'an tafiyar awa uku da rabi ce, sama da kilomita dubu biyu.

Da la'asar Xiulan, 'yar marigayin, ta iso daga Xi'an inda take aure. Cikin kuka ta ce da ma gobe ne ya kamata mahaifinta ya hau jirgi karon farko a rayuwarsa, ya kai mata littafin ta adana. Tsoron kada jirgi ya bar shi ya sa tun ranar Juma'a ya mayar da agogonsa lokacin Beijing.

Sufeto ya sake kiran Weidong.

"Goman Baffanka goma ce ta Beijing. Kana da awa ɗaya da minti arba'in, filin jirgi kuwa tafiyar rabin awa ne."

Tsinken sakacen ya faɗi. Weidong ya yi rantsuwa, ya yi kuka, daga bisani ya amsa. Ya ce tsohon ne ya rungume littafin ya ƙi saki. Dillalin Xi'an kuma ya yi masa tayin raini, shi ya sa ya dawo da shi, yana cikin jakarsa.

"A jirgi ina ka ajiye shi?"

"Ƙarƙashin kujera, Yallaɓai. Wajen ƙafata."

"Zuwa da dawowa?"

Weidong ya gyaɗa kai.

Sufeto bai ƙara kallonsa ba. Ya yi wa kurtu alama da hannu, aka sa wa Weidong ankwa aka fita da shi. Sannan Sufeto ya tashi ya je ya yi alwala kafin ya buɗe jakar.