Biyau a Gindin Kukar Dauran

Ranar da abin ya fara, Saude na tsakar gida tana kwashe tuwo, kaji sun soma neman akurki, ladan bai riga ya kira magariba ba. Dutse ya faɗo bisa kwanon rufi. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne ke jifan tsuntsu, har ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai na biyu ya sauka gaban murhu. Jar tsakuwa ce irin ta gefen titi, ba irin ƙasar unguwarsu ta Kaura Namoda ba, da ta ɗauke ta kuwa sai ta ji ta da ɗumi kamar daga toka aka ciro ta.

'Yarta Nazifa na zaune a bakin zaure, inda ta mayar wurin zama tun dawowarsu daga Zurmi, tana kiran sunan karenta a hankali. Can sai kiran ya yanke. Yarinyar ta miƙe, ta tuɓe silifas, ta fara gudu tana zagaya tsakar gida, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Uwar ta kira ta, ta riƙe ta, ta fizge. Ba ta tsaya ba sai da duhu ya rufe katanga, sannan ta zube a ƙofar ɗakin ubanta, harshe waje, tana haki.

Uban nata, Maiwada, ya dawo daga masallaci ya tarar da ita a haka. Saude da tsohuwarsa Inna suna ta salati, shi kuwa ya tsaya kamar an dasa shi, don ya san wannan hakin. Ya sha jin sa a bayan ƙafarsa.

Maiwada malamin firamare ne. Tun da likita ya ce jininsa ya hau ya sayi takalmin gudu na kambas, yana idar da asuba ya kama hanyar gona da sassarfa, ya ratsa gero da dawa, ya gangara rafi, ya dawo ta burtali. Mutanen gari ba su bar shi ya huta ba. "Malam, wa yak koro ka?" Masu zuwa Kasuwar Daji a kan babur har tsayawa suke yi su ce ya hau su rage masa hanya. A irin wannan fita ne wani jan kwikwiyo mai yagaggen kunne ya fito daga kwalbati ya bi shi. Ya kore shi, ya jefe shi, kwikwiyo ya ƙi komawa. Nazifa ce ta sa masa kanzo a tsohon kwano, ta raɗa masa suna Biyau.

Da wasa-wasa kare ya girma a gefen hagun Maiwada. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma a cikin gonaki hira yake yi da shi, har zancen da bai iya yi da Saude. Akwai safiyar da Biyau ya toge a bakin wani kwazazzabo, ya tare masa hanya yana gurnani, dole suka juyo. Kafin hantsi labari ya zo gari cewa mutanen daji masu bindiga sun kwana a wajen. Maiwada ya san da wannan, bai manta ba. Abin da ya sa laifinsa ya fi nauyi ke nan.

Inna, mahaifiyarsa, tsufa ya kama ta a Zurmi, aka yanke ta dawo hannunsa. Ta aiko da magana ɗaya: ba ta zama gidan da mala'ikun rahama ba sa shiga. Maƙwabcinsa Ishaya, ma'aikacin asibiti, ya ce a bar masa karen. Maiwada ya ce ina, katanga ɗaya ce tsakani, zai tsallako. Ranar tafiya ɗauko Inna ya sa Biyau a but ɗin motarsa, ya ce akwai wani Bafulatani abokinsa a wajen Dauran mai neman karen kiwo. Nazifa ta yi kuka, amma da aka ce mata nono zai riƙa sha, ta haƙura. Ya sauke ta da uwarta a Dauran su sayi tsaraba, ya wuce shi kaɗai. Babu wani Bafulatani. A gindin wata babbar kuka ya buɗe but, kare ya diro yana kaɗa jela, ya je gefen hagu ya tsaya yana jiran a fara gudu. Maiwada ya koma mota ya tayar.

Tun daga ranar kambas ɗin ke rataye a ƙusa. In Nazifa ta tambaye shi yaushe za a kai ta rugar, sai ya ce sai hanya ta yi kyau.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja sai tsakuwa ta fara sauka, kullum yarinya ta tashi ta yi ta gudu. Aka kulle ta a ɗaki, ta zagaya ɗakin har ta fasa goshi. Tafin ƙafarta ya tsattsage, Saude na shafa man kaɗe tana hawaye. Da safe Nazifa ba ta tuna komai, sai dai ta ce ƙishirwa take ji. Ishaya ya gwada ta, ya ce bai ga zazzaɓi ba, wannan ya fi ƙarfin allurarsa. Wani maraice Inna ta ji ana kankarar ƙyauren zaure daga waje, ƙasa-ƙasa, aka buɗe babu kowa.

"Maiwada," in ji ta, "gidan ga da abin da anka ɓoye. Ka san wani abu?"

"Ban san komi ba, Inna."

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, ita kuwa ta daɗe tana kallonsa. Kashegari ta sa aka je Shinkafi aka ɗauko Malam Zakariyya.

Dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya iso bayan la'asar, ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zauna yana jiran lokacin. Gari ya yi tsit, ko ganyen dalbejiya bai motsi. Da tsakuwar farko ta faɗo Nazifa ta yunƙura, Saude da Inna suka danne ta, Malam ya fara karatu a kunnenta. Ya daɗe yana yi. Jikin yarinyar ya sandare, sannan bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe, a gajiye.

"Sassauta, Malam. Ni ma salla nika yi."

"In kina salla, mi yak kawo ki jikin ɗiyar mutane?"

"Ƙara nik kawo. Gidana na cikin kukar Dauran, tun kakanninku ba su san wurin ba. Mutumin ga yaz zo yab buɗe mota yay yar da amana bakin ƙohwata. Dabbag ga ta bi motar har ƙahwahunta sunka tsage, da ta rasa shi ta rarraho ta dawo inda anka aje ta. Tun ran nan take kuka. Ni ban barci, jikokina ba su barci. Kare shina ganinmu, Malam, ka sani. Mu hita shi yi haushi, mu shiga shi yi haushi."

Babu wanda ya dubi Maiwada, amma ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Saude ta saki hannun 'yarta ta rufe baki.

"Ita yarinya mi ta yi miki?" in ji Malam.

"Ita ka kiran sunanai kullum magariba. Kiran nib biyo. Nic ce bari uban shi ga gudun da idonai, tun da wancan bai ishe shi ba."

"Wanga zalunci na. Ki hita."

"A yanka min baƙin bunsuru gindin kuka, in hita."

"Ba a yanka don wanin Allah, ke ma kin sani." Malam ya ɗaga murya ya koma karatu. Aljanar ta yi ƙara, ta ce ya tsaya, ta janye bunsuru.

"To shi zo shi ɗauke abinai da hannunai. Kuma shi hwaɗa ma ɗiyatai abin da ya yi, da bakinai, ba da nawa ba. In ya yi, ni da gidan ga har abada."

Malam ya juyo. "Maiwada, wanga ba sharaɗinta ba na, haƙƙi na da ke bisa kanka ko ba ta zo ba. Ka ɗauka?"

Maiwada ya ɗago kai. "Na ɗauka, Malam. Karen shina da rai?"

"Tahi ka gani," in ji muryar.

Malam ya sa ta yi rantsuwa. Nazifa ta yi atishawa mai ƙarfi, babban yatsan ƙafarta ya girgiza, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce a ba ta ruwa. Sai a lokacin suka ji ladan na tayar da iƙama.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi, "Ni ce maka nay yi ka hidda shi cikin gida. Ban ce ka yar da shi ga daji ba. Kada ka rataya min wanga ranar gobe."

Da gari ya waye ya sauke kambas daga ƙusa ya kama hanyar Dauran. Ya ajiye mota nesa da kukar, ya ƙarasa da ƙafa, yana sassarfa ba tare da ya yi niyya ba. Wata mai tallar gyaɗa a bakin titi ta nuna masa da haɓa, ta ce ita ke jefa wa dabbar ragowar ɗumame, amma ko an kira ta ba ta barin wurin.

Biyau na kwance tsakanin saiwoyi, haƙarƙari a waje, ƙudaje na bin ƙafafunsa. Ya ɗaga kai. Maiwada ya so a ce haushi ya yi masa, ko ya cije shi. Kare sai ya yunƙura ya miƙe, ya ɗingisa ya zagayo gefen hagu, ya tsaya yana kaɗa jela, yana jiran a fara gudu. Ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa, ya faɗi. Maiwada ya durƙusa ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar ubansa. Ya yi sallama ga masu kukar, ya roƙi gafara, ya saɓa karen a kafaɗa da farar rigarsa, bai ko tuna da zancen wanki bakwai ba.

A rumfar ƙofar gida aka yi masa wuri, Inna da kanta ta ce a kai masa tsohon buhu. Ishaya ya kawo magani. Nazifa ta zauna tana wanke wa karen ƙafa da ruwan ɗumi, nata ƙafafun a naɗe da tsumma. Maiwada ya tsuguna gabanta ya faɗa mata komai, babu Bafulatani, babu ruga, babu nono. Ta saurara ba ta ɗago ba.

"Baba, da ya biyo motar, ka gan shi?"

"Na gan shi ga madubi."

"Ka rage gudu?"

Yana iya cewa e, aljanar ba ta kai ga wannan ba. Ya dubi tsummar ƙafarta.

"Ƙarawa nay yi."

Ta matse tsumma, ta ci gaba da wankin. Rana ta yi ja, magariba ta shigo, ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba. Biyau ya miƙa wuya ya ɗora kansa bisa kambas ɗin Maiwada. Nazifa ta sa hannu a hankali ta ɗauke kan, ta mayar bisa cinyarta.