Hoton Gonar Malam Badaru

Ranar da Kamilu ya fara ganin Asama'u, ba budurwa ya fita nema ba. Tun da ya sayo kyamara a Kano ya ishi mutanen Minjibir da bayani, wai hoto ba ya kyau sai da hanya ko jerin shuka da zai ja idon mai kallo ya kai shi kan abu guda. To, da sassafe ya durƙusa a bakin wata gonar gyaɗa, layuka sun miƙe sambal, can ƙarshensu wata yarinya ta ɗago da fartanya a hannu. Ya danna.

"Malam, wa ya ba ka izini?" in ji ta.

"Gona nake ɗauka."

"Gonar ce ta sa hannunka rawa?"

Sai da Kamilu ya yi sawu uku kafin ya samu lambar wayarta, daga nan kuwa saƙo ya ƙi ƙarewa.

"Ma'una, idona ya bi layin gyaɗa ya tsaya a kanki, ya ƙi dawowa."

"Ka lallaɓa shi ya koma gida, mai hotona. Aiki nake yi."

Daɗi ya kwashe shi, ya ɗora hoton a Fesbuk don a ga gwanintarsa, ko tambayarta bai yi ba. Bai san cewa mahaifinta, Malam Badaru, ya fi wata biyu yana fama da ciwon baya, kuma ba shi da ɗa namiji ba. Ita ke sulalewa ta yi noman kafin gari ya fito, mutane na zaton 'yan ƙwadago ya ɗauka. Ga layukan nan kuwa sun yi aikinsu, duk wanda ya kalla sai idonsa ya dire kan fuskarta. Zaharaddini mai shagon taki, wanda ya daɗe yana sonta, ya zagaya majalisa da hoton, sannan ya kai wa Malam har zaure.

Da azahar saƙonta ya shigo:

"Kamilu, yau Baba bai je masallaci ba. Ya ce da wane ido zai kalli jama'a, 'yarsa na noma yana kwance. Abin da muka rufe ka buɗe da yatsa ɗaya. Kada ka sake kirana."

Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya goge hoton, amma ina, ya riga ya shiga kowace waya. Da ya je ban haƙuri, Malam ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Mai tallan 'yata a waya ba zai zama surukina ba."

Washegari Kamilu ya ari fartanya ya nufi gonar da rana tsaka, lokacin da hanya ke cike da mutane. Mutumin da rabonsa da noma tun yana firamare! Ya sari ciyawa, ya sari gyaɗa, hannu ya yi ƙanta, wando ya yage. Samari suka yi ta ɗaukarsa a waya suna shewa. Kafin mako gari ya manta da maganar Malam, hira ta koma kan mai hoton da ke yi wa gyaɗa aski.

A rana ta tara Malam ya dogara sanda ya iso bakin gona.

"Ka kashe mini layi uku."

"Ka yafe ni, Baba."

"Ka san kai ake yi wa dariya a gari?"

"Na sani, Baba. Gara ni."

Kamilu ya zaci korarsa za a yi. Sai Malam ya share ido da hannun riga ya ce, "Ajiye fartanyar nan tun ban rasa sauran ba. Ka turo manyanka."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, Asama'u ta buɗe tafin hannunsa tana shafa tabon ƙantar, hawaye na zubo mata.

"Duk saboda ni, mai hotona?"

"Har yanzu kunyarki nake ji, Ma'una."

"To ka daina. Baba ya ce in faɗa maka, Allah bai ba shi ɗa namiji ba sai bana. Ya ce Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira."

Kamilu ya kasa ɗaga kai. Da ƙyar ya iya cewa amin.