Ci-Ka-Tashi

Madubin-ido ya yi tsuwa, zakaru biyu na ƙarfe suka sake cakumar juna a gaban Malam Sallau. Tsohon na zaune a kan tabarma, sandar wasa tana rawa a hannunsa. Kokon da 'yarsa Hindatu ta kawo tun safe ya huce har ya yi fata.

Hindatu ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon aikin hannunta. Injiniya ce a kamfanin Tuna-Baya da ke Sabuwar Funtuwa, inda motocin haya ke shawagi a tsakanin benaye kamar shirwa. Aikinsu shi ne tono tsofaffin wasannin akwati, irin waɗanda samari kan jefa wa kwandala a shago a zamanin da, su zuba su cikin madubin da kowa ke maƙalawa a fuska. Ita ta ɗauko akwatin Zakaran Ƙarfe daga zauren mahaifinta. A ƙwaƙwalwarsa ta tarar da salon bugun duk wanda ya taɓa riƙe sandar akwatin, sai ta gina wa kowannensu inuwa, wato abokin karawa mai bugu irin na mai shi sak.

Mahaifinta ya zaɓi inuwar Ɗantala, amininsa da ya rasu.

Abin da ba ta gaya masa ba shi ne shawarar da aka yanke a ofis. Wanda aka ci yakan yi fushi ya cire madubi, wanda ya ci kuma yakan ƙoshi. Don haka kada inuwa ta ci kowa, kada kuma a ci ta. Masu digiri cike da ɗaki, har da ita, babu wanda ya ja da shawarar. Tafi ma aka yi.

"Baba, ka cire ka sa wani abu a cikinka. Dubi yadda ka rame."

"Uwata, ki ƙyale ni." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta. "A shagonmu ci-ka-tashi ake yi. Sai an ci mutum yake tashi, ya miƙa wa na baya sanda. Wanda ya tashi ba a ci shi ba, ragon maza ne."

"To ai wasa ne, Baba."

"Wasa? Wannan mai kan ƙwaryar bai taɓa raga mini ba. Kafin in gyara zama ya tashe ni, yana cewa in je in sayo masa gyaɗa. Yanzu sai ya kai ni bakin rami ya ja baya. Ko dai fushi yake yi da ni, Uwata?"

Hindatu ta buɗe allon hannunta, ta shiga cikin tsarin wasan, ta kwance wa inuwar takunkumin da ita da kanta ta ɗaura. Ta san ta sallama aikinta ke nan.

Nan take zakaran Ɗantala ya yi tsalle, ya kifar da na Sallau.

Tsohon ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ɗan banza! Ka ci ni! Allah Ya jiƙan ka, Ɗantala."

Ya cire madubin, ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Sannan ya juya, ya miƙa sandar baya.

"Wa ke layi?"

Zauren wayam. Sauran tsofaffin majalisarsa kowa na ƙuryar ɗakinsa da madubi a fuska, yana jiran inuwar da ba za ta taɓa tashinsa ba.

"Ni ce, Baba," in ji Hindatu, ta karɓa.

Sandar ta kunna jar fitila, ta mutu a tafinta. Ita ta ƙera ta, ta kuwa san dalili: hannun mutum ɗaya kawai aka koya mata.