Ruwan Farko a Tankin Seu Anacleto

Josenildo yana bisa tsani da ƙusa biyu a baki lokacin da Valdirene ta fito masa da kofin gahawa. Waigowa ɗaya ya yi, guduma ta suɓuce ta faɗa tsakiyar kaji.

"Haka kuke gyara a birni?" ta tambaye shi tana danne dariya.

Indararon gidan su Valdirene ne ya lotsa a tsakiya, ruwa yana zubewa bai kai tanki ba. A ƙauyenmu kuwa, abin da rufi ya tara da damina shi ake sha wata takwas. Shi ya sa mahaifinta, Seu Anacleto, ya kira Josenildo, jikan tsohuwa Dona Zefinha, da ya dawo daga birnin Recife da sana'ar kwanon rufi.

Aikin yini ɗaya ne, bawan Allah ya ja shi kwana huɗu. Yau ƙarfen riƙo bai isa ba, gobe gangaren bai yi masa ba. Kowa dai ya gane. Ranar da ya gama ya tura mata saƙo:

"Val, aiki ya ƙare, ban san da wace ƙarya zan dawo gidanku ba."

Ta amsa: "Ɗan birnina, zo da gaskiya mana. Ina jiranka."

Sai dai don ya burge, kafin ya sauka daga tsani a ranar ya haɗa bututun indararon da tanki, ya ɗaure shi da waya tam. Mu nan kowa ya san ba a tara ruwan farko, barinsa ake ya wanke rufi. Wanda ya tashi da famfo ina zai sani? Ruwa ya sauko ranar kasuwa, gidan ba kowa. Ƙurar rani da kashin jemage suka bi sabon gyaran sumul, suka shige ɗan ruwan da ya rage.

Seu Anacleto ya leƙa tankin bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi wanda bai san ruwan farko ba ba zai riƙe masa 'ya ba. Nan da nan Edivaldo mai tankar ruwa, da ya daɗe yana zarya a kanta, ya zo ya ce zai cika musu kyauta. Valdirene ta ce gara ta sha ruwan awaki. Ta sha kuka kuwa, don kwana biyu Josenildo bai amsa saƙonta ba, ta ɗauka ya gudu.

Ashe kunya ce ta ɓoye shi. Rana ta uku sai ga shi da bokiti da buroshi. Ya shiga tankin, ya kwashe ruwan ya ba shuka, ya goge bango har hannunsa ya saɓule. Tsohon ya dubi tankin wayam, ya tambaye shi idan ruwan sama bai dawo ba fa.

"Zan riƙa ɗebo muku daga madatsar ruwa, Baba. Ko kun ba ni ita, ko ba ku ba ni ba."

Kwana goma sha ɗaya yana zuwa da jakin kakarsa, jarka huɗu da safe, huɗu da yamma. Valdirene takan tsaya a taga, wallahi tausayinsa da sonsa har sun hana ta cin abinci.

Rana ta goma sha biyu hadari ya taso. Indararon ya kai ruwan tanki tas, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Seu Anacleto ya zura guga, ya sha, sannan ya ce a zo masa da Dona Zefinha ranar Lahadi a yi maganar aure.

A watan Yuni aka ɗaura auren a ƙaramin cocinmu, aka gasa masara, aka yi rawa har takalma suka tsinke. Ana cikin haka tsohon ya ciro makullin murfin tankin daga wuyansa, wanda ko matarsa sai ta roƙa, ya damƙa a hannun ango.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Ruwan gidan nan yana hannunka."