Akuyar da Ta Rage

Jifan farko ya faɗo ne ana shirin kiran magariba, a gidan Dakta Abdulwahab da ke wani lungu kusa da Ƙofar Gayan. Dutse ne ɗan madaidaici. Ya daki kwanon rufi, ya gangaro, ya tsaya a bakin tabarmarsa. Matarsa Mero ta fito daga madafa tana salati. Shi kuwa ya dubi dutsen, ya mai da ido kan kwamfutarsa, ko gezau.

Haka mutumin nan ya koma. Likitan dabbobi ne, malami a jami'a, kuma ya daɗe yana neman tallafin bincike daga wata gidauniya ta ƙasar waje, a kan annobar nan mai kama awaki da majina da zawo, ta share garke kafin a farga. Duk shekara ya aika, duk shekara a ba shi haƙuri. Tun abin yana ci masa rai har ya daina jin komai. Abinci ma turawa kawai yake yi.

To, yana da wata ɗabi'a. Masu tallafin suna son a haɗa da taƙaitaccen bayani cikin harshen makiyaya. Saboda haka kullum da yamma sai ya zauna a gindin kurnar tsakar gida, jikin katangar da ta raba su da wani tsohon kufai, ya karanta da ƙarfi don ya ji ko maganar ta zauna.

"Za mu bi garke-garke. Za mu duba kowace dabba da hannunmu. Babu akuyar da za a bari."

Mero ta sha ce masa, "Baban Khairat, don Allah a bar karatun nan da almuru." Sai ya ce to, gobe ya sake. Kuma fa, awakin ita Meron a turkensu suka mutu bara, nan kusa da tabarmar, yana cewa bari ya ƙarasa shafin nan.

Jifa bai tsaya ba. Da rana ta yi ja sai ya fara. Daga baya aka soma jin tarin awaki daga cikin kufai, inda ko kaza babu. Sannan abin ya sauka a kan Khairat, 'yarsu ɗaya tilo, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare. Ta daina ci, ta daina magana. Sai ta zauna ta fuskanci katanga tana kiran awaki da muryar tsohuwa, ta kira, ta saurara, ta sake kira. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Yarinya tana ta zubewa, ubanta yana kallonta kamar yadda yake kallon dutsen nan.

Ranar da za a rufe karɓar takardun tallafin, Mero ta yafa mayafi ba ta nemi shawarar kowa ba, ta ɗauko Malam Zulkiflu, dattijon malamin unguwa da aka sani da ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar. Ya zauna, ya fara karatu a hankali, ba daga murya. Can sai Khairat ta juyo, idanunta a bushe.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Maƙwabciya ce," in ji muryar tsohuwar. "Tun ba a ja ganuwar garin nan ba nake kiwo a bayan katangar nan."

"Me yarinyar ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta nake nema. Na yi sallama bai ji ba. Na yi jifa bai ji ba." Ta karkato kai wajen Dakta. "Likita, ba kai ka ce babu akuyar da za a bari ba?"

Dakta ya ce, "Rubutu ne, Iya. Ai ba a ba ni tallafin ba."

"Ni ban san tallafi ba. Bakinka na ji. Da ciwon ya shigo, dangina suka kora dabbobinsu suka yi gabas. Na ce su je, ni ina da likita a maƙwabta, kullum yana alkawari. Na zauna ina jira." Ta dubi katanga. "Saura akuya ɗaya."

Mero ta toshe baki tana kuka.

Malam ya ce, "Duk da haka zalunci kika yi, ki ji tsoron Allah ki fita. Kuma ki sani, ba za a yi miki yanka ba."

"Yanka? Malam, na gaji da ganin gawa. Ya zo ya duba ta da hannunsa, kamar yadda ya faɗa."

Malam ya yi nazari, ya ce, "Duba dabba marar lafiya ba laifi ba ne. Amma ki fita tukuna."

"In ta mutu fa?" Dakta ya tambaya.

Cewa kawai ta yi, "Na fita. In bai zo ba, na san hanya." Khairat ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta.

Kwamfutar tana buɗe a kan tabarma, saura 'yan gyare-gyare a aika. Dakta ya rufe ta. Ya jawo jakar aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya rasa ma yaushe rabonsa da ita, ya zagaya ta lungu ya shiga kufai.

Akuyar tana nan kwance a jikin katanga, ja mai fari a ciki, hanci ya toshe, ido ya manne. Kallo ɗaya ya yi mata ya san an makara. Amma ya durƙusa. Ya goge mata hanci da ido, ya ɗura mata ruwa kaɗan-kaɗan, ya yi mata allura, ya ɗora kanta a cinyarsa. Aka kira magariba yana nan. Kafin a idar da salla, numfashin ya tsaya.

Ya zauna da gawar a cinya, yana jiran jifa, yana jiran ihun Mero. Babu ko ɗaya.

"Ki yi haƙuri, Iya," ya ce da kufai. "Na makara."

Sai ya ji muryar Khairat daga tsakar gidansu, muryarta ta da, tana cewa, "Umma, akwai sauran tuwo?" Ya ji ƙarar murfin tukunya. Ya ji har jan tabarmar da aka yi a gindin kurna.

Ashe daga wannan ɓangaren na katanga, duk abin da aka faɗa can, tar ake jin sa. Ya kifa kai a kan akuyar, kukan da ya daɗe da mantawa ya ƙwace masa.