Lamba Ɗaya Tsakaninsu

"Kai ka ɗaga hannu, Wade?"

Corinne ba ta ko bari mijin nata ya ajiye tiren gasasshen haƙarƙarin da ya shigo da shi kicin ba. A waje baƙinsu na ta dariya ƙarƙashin bishiya, ba su san abin da suka tayar ba.

"Wane hannu kuma, masoyiyata?"

"Riƙe masoyiyarka. Abokinka Lonnie ne ya tona ka yanzun nan, bakinsa cike da masara. Wai da kwamandanku ya ce wa zai tafi aikin ƙasar waje, kai ne farkon ɗaga hannu, har tafi suka yi maka. Ni kuwa me ka zo ka ce min? Umarni ne daga sama, Corinne... ba yadda zan yi, Corinne..."

Wade ya ajiye tiren a hankali, kunnuwansa sun yi jawur.

"Lonnie ai surutu gare shi."

"Ƙarya ya yi?"

Wade ya kau da kai.

To, abin da ya sa wannan ya fi mari zafi, sai an ɗan koma baya. Su biyun matuƙa jirgin sama ne, kamfani ɗaya ya ɗauke su, rana ɗaya. A wannan aiki kuwa lamba ita ce komai. Ita ke faɗin jirgin da za ka tuƙa, da garin da za a ajiye ka, da ko za ka ci Kirsimeti a gidanka. In an ɗauki mutane rana ɗaya, wanda ya girmi wani shi ke gaba. Corinne ta ba Wade 'yan watanni, sai lambarta ta zo daidai gaban tasa. Tun a ajin koyo yake tsokanarta da Yaya, har tsokanar ta kai su gaban fasto.

Da kasuwar jirage ta faɗi, kamfani ya soma dakatar da matuƙa daga ƙarshen layin lamba, ya haɗa da su biyun, da alkawarin za a kira su bi da bi in abubuwa sun gyaru. Wade bai sha wuya ba, don dama yana cikin sojan sama na jiharsu ta Kansas, yana tuƙa jirgin da ke shayar da jirage mai a sararin sama. Ya koma can gaba ɗaya. Corinne kuwa abin da ya faɗo mata shi ne Baba Harlan, mahaifin Wade, tsohon kyaftin ɗin jirgin sama da ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ce wanka, ita ce ciyarwa, ita ce juya shi kan gado. Shekaru aka kwashe a haka.

Da aka soma kiran dawowa, Wade ya amsa, a ranar kuma ya ɗauki hutun soja. Doka ta tsare masa lambarsa, ko shekara nawa zai yi. Ita da ba ta da kaki, abin da take da shi kawai shi ne ta ce a tsallake ta, kuma sau biyu ake yarda. Ta cinye duka biyun saboda Baba. Yanzu ga kira na uku: ko ta bayyana ranar Litinin, ko a soke lambarta har abada. A daidai nan ne Wade ya shigo da fuskar tausayi, wai an tura su ƙasar waje rabin shekara. Ta yi kukanta a banɗaki, ta wanke fuska, ta haƙura da tuƙi.

Ashe hannu ya ɗaga.

"Magana nake maka. Ƙarya ya yi?"

"Ba ƙarya ya yi ba," in ji Wade. "Amma ki rage murya, akwai mutane."

"Su ji mana! Ai jarumi ne kai, tafi ma aka yi maka. Ni wa ya taɓa yi min tafi don na wanke zanin gado?"

"Corinne, ƙasa na buƙatar..."

"Kar ka kuskura ka ɓuya bayan tuta. Akwai samari cike da rundunarku da ke roƙon a tura su. Ka san na nemi hutun ƙashin kai, suka ce wanda aka tsallake sau biyu ba shi da wannan damar. Kai kuwa da ka riga ka amsa kira, da ka nema ba ka za su yi. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani. Amma wannan hutun ba a lissafa shi cikin shekarun aiki. Kujerar kyaftin sai ta yi min nisa."

Ta yi wata dariya mara daɗi.

"Taka ta yi nisa. Tawa kuwa a ƙona ta gaba ɗaya, ko?"

"Ba haka nake nufi ba, Yaya..."

"Kar in ƙara jin sunan nan a bakinka. Ranar da aka binne mahaifiyarka, kai ka dafa kafaɗar Baba a gaban jama'a ka rantse ba za a taɓa kai shi gidan tsofaffi ba. Kowa ya ce kai, Harlan ya haifi ɗa. Kai ka yi alkawari, ni nake cikawa!"

Wade ya jingina da firij kamar an zare masa laka. Da ya yi magana, muryarsa ta dushe.

"Ba zan iya ba ne, Corinne. Mutumin nan shi ya ɗora ni kan cinyarsa ya riƙa min sitiyarin jirgi tun ƙafata ba ta kai ƙasa ba. Ran da na shigo na same ki kina sauya masa wando, ya dube ni ya juya fuskarsa bango... Gara a harbe ni a sama da in sake ganin wannan."

Da a wata rana ce ya faɗi haka, da ta rungume shi. Ai tana sonsa, shi ne ma abin haushin. Amma yau maganar ƙara mata wuta ta yi.

"Ni daɗi nake ji? Ka ɗauka ni ba ya juya min fuska? Da ka zo ka ce min tsoro kake ji, da mun zauna mun yi kukan tare mun nemi mafita. Sai ka zaɓi ka yi min ƙarya, ka zauna kana shafa min baya ina kukan aikina, alhali kai ka yanka shi."

Sai suka ji ƙarar keken Baba a bakin ƙofar falo. Da hannunsa mai lafiya ya turo kansa, Allah kaɗai ya san tun yaushe yake wurin. Bakinsa a karkace yake, magana tana fita da ƙyar, amma idanun nan nasa suna nan yadda suke.

"Wade."

"Na'am, Baba."

"Wa ke... gaba?"

"Baba, ba maganar aiki ba ce wannan."

"Lamba. Wa ke gaba?"

Wade ya sunkuyar da kai. "Ita ce."

"To ita... ke fara zaɓa. Haka aikin yake. Tsallake layi ka yi, yaro." Ya numfasa, ya juyo wajen Corinne. "'Yata, zaɓi. Kar ki dube ni. Ni na yi nawa tashin."

Hawayen da ta riƙe tun ɗazu suka zubo. Ta durƙusa ta goge masa gefen baki da tawul, yadda ta saba, sannan ta miƙe ta ɗauki waya a gabansu ta kira ofishin kamfani. Na'ura ce ta amsa, don Asabar ce. Ta faɗi sunanta da lambarta, ta ce ranar Litinin tana nan tafe.

Ta ajiye wayar ta dubi mijinta.

"Na zaɓa. Saura kai. Ko ka janye sunanka, ko ka kai mahaifinka gidan tsofaffi da hannunka. Ni dai ba zan sa hannu a wannan ba, kuma in ka kai shi, kar ka neme ni."

Ta fita ta sallami baƙi da murmushin dole. Lonnie ya tafi yana tambayar matarsa ko ya faɗi wani abu ne.

Gari ya waye Lahadi. Wade ya sa kaki ya fita da safe, bai ce ga inda za shi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ciro rigar aikinta daga leda, ta ga ta ɗan matse ta, ta goge ta haka nan. Duk motsin mota sai ta leƙa taga, tana tunanin masu ɗaukar Baba ne.

Litinin da safe ta jawo jakarta zuwa falo, ta nufi ɗakin Baba don ta yi masa wankan ƙarshe. Gadon ba kowa. Ta juya da sauri tana neman kekensa.

Sai ta ji ruwa na zuba a banɗaki, da muryar tsohon yana faɗa.

"A hankali... jaki! Haɓa ce, ba katako ba."

Ta tura ƙofar. Wade ne durƙushe da gajeren wando, ya jiƙe sharkaf, reza a hannunsa. Ya yanki Baba wuri biyu, ya manna masa guntayen takarda. Wandon da ya sa masa ma a baibai yake. Idanun Wade sun kumbura, amma bai kau da su daga fuskar uban ba.

"Na janye sunana," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Kwamanda ya wanke ni tas, yaran runduna kuma sun sa min suna mai reno. Yau zan kira kamfani in nemi hutun ƙashin kan."

"Ruwan ya yi zafi da yawa," in ji Corinne. "Da gwiwar hannu ake gwadawa. Kuma ta hagu ake fara sa masa hannun riga."

"To."

"Maganin safe sai ya ci abinci."

"To."

Ta tsaya riƙe da ƙofa.

"Ban huce ba, Wade. Kar ka ɗauka wanka ɗaya ya wanke komai."

"Na sani." Sai yanzu ya ɗago. "In kin dawo ki ci gaba da faɗan, ina nan. Ba inda za ni."

Ta sunkuya ta sumbaci Baba a goshi. Tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya da ƙyar ya sara mata, kumfa har kunne.

Tana bakin ƙofar gida ta ji Wade ya kira a hankali, kamar mai tsoron a ƙwace masa kalmar.

"Yaya... ki sauka lafiya."

Ta ja jakarta ta fita. Amma ba ta hana shi sunan ba.