Ciwon da Aka Ɗora wa Malama

Malama tana durƙushe a tsakiyar falo, akwati buɗe a gabanta, tana duba wane takalmi ne zai jure yawo a kan titin dutse. Tarihi take koyarwa a sakandare. Shekara da shekaru tana nuna wa ɗalibai hotunan tsofaffin biranen ƙetare, masu ganuwa da rufaffun kasuwanni, ita kuwa ba ta taɓa taka ko ɗaya ba. Sai bana mijinta, Injiniya, ya ce hutun nan zai kai ta. Biza ta fito, tikiti yana hannu, murna kam ba a magana.

Ta ji sallama, sai ga Yaya Babba, yayar Injiniya, da ledar lemo da ayaba, fuskar nan cike da tausayi. Matar da ko gaisuwa sai ta ga dama take amsawa!

"Ke kuwa ki zauna mana, mai ciwo da haɗa kaya? Sannu. Ya jikin?"

"Jikin wa, Yaya?"

"Haba, har mu za ki ɓoye wa? Ai ƙanena ya faɗa wa Umma komai. Ya ce likita ya ga wani abu a cikinki, sai an fita waje a duba. Tun ranar Umma ba ta iya cin abinci. Ni da na zaci yawon kallon kufai za ki ja shi, ashe lalura ce."

Sai yanzu Malama ta gane dalilin da ya sa surukarta take kiran ta a waya tana doguwar addu'a cikin rawar murya. Maganar ta zo har bakinta, ta haɗiye. Ba za ta tona asirin mijinta gaban wadda dama neman abin faɗa take ba.

"Na gode, Yaya," ta ce, ta karɓi ledar.

Da la'asar Injiniya ya shigo yana washe baki, waya a hannu.

"Dalin, zo ki ga otal ɗin da na samo mana, tagarsa na kallon tsohuwar ganuwa."

"Otal ko asibiti? Yallaɓai, a wane gado za ka kwantar da ni?"

Ya kalli ledar lemon a kan tebur, nan take ya gane yayarsa ta zo dubiya.

"Sori, ki tsaya ki ji. Kin san gidanmu. In na ce yawon shaƙatawa zan kai ki, cewa za a yi kin mallake ni. Shi ne na ɗan..."

"Shi ne ka ɗan ɗora mini cuta! Lafiyar da Allah ya ba ni kyauta, kai ka ɗauke da bakinka. In aka amsa maka fa? Ka sa tsohuwa kuka, ka mai da ni abin tausayi a dangi, duk don kada a ce kana son matarka. Ashe son da kake mini abin kunya ne?"

"Idan mun dawo sai in ce an dace, an sami sauƙi."

"Ƙarya a kan ƙarya ke nan. To ka ji: ba zan hau jirgi a matsayin majinyaciya ba. Tun ina ɗaliba nake mafarkin biranen nan, amma wallahi gara in mutu ban gan su ba. Ko ka je ka faɗi gaskiya, ko ka tafi kai kaɗai ka gai da ganuwar."

Ta rufe akwatin ta tura shi ƙarƙashin gado, hawaye na zuba. Kwanaki suka shuɗe, ba ta fasa yi masa girki ba, ba ta kai ƙara gidan kowa ba, amma fara'a ko ta magani babu. Injiniya, mai tsawata wa ma'aikata a wurin gini, ya koma raɓe-raɓe a gidansa kamar kazar da ruwa ya daka. Ranar tafiya tana ta matsowa. Da ya ga uwar bari, ya ce ta shirya su je wurin Umma.

Sun same ta a kan sallaya da carbi, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Yaya Babba na gefe. Tsohuwar ta jawo Malama jikinta tana shafa mata kai.

"'Yata, da ana karɓa wa mutum ciwo da na karɓa miki."

Wannan maganar ce ta karya Injiniya. Ya zube a ƙasa.

"Umma, ki yafe mini, ƙarya na yi. Lafiyarta ƙalau. Yawo zan kai ta, ta ga biranen da take koyarwa, don ina son in faranta mata. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Ai dama na faɗa," in ji Yaya Babba, "an shanye..."

"Rufe mini baki," Umma ta katse ta. Ta kama fuskar Malama ta ƙura mata ido. "Babu abin da ke damun ki?"

"Babu, Umma."

Tsohuwar ta yi hamdala, sannan ta juyo kan ɗanta, idonta jawur.

"Kai, ka ji kunyar faɗin alheri, ba ka ji kunyar hana ni barci ba? Mahaifinku haka ya yi ta cewa zai kai ni in ga teku, yana tsoron bakin danginsa, kullum wata rana, wata rana, har ƙasa ta rufe masa ido. Ban gani ba har yau. Shi ne za ka gaji halin, har ka ƙara da ƙarya? Tashi ka kai matarka. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce yawo kuka tafi, ni na sa albarka."

Haka Malama ta hau jirgi da mutuncinta, sakamakon haƙurin da ta yi ta riƙe bakinta ba tare da ta bi ƙarya ba. Namijin da ke kunyar a san yana kyautata wa matarsa, ya sani ba ita kaɗai yake cuta ba, har da uwar da yake ganin yana tsare wa fuska.